Raddi ga Mai Cewa Wuƙar Takaba da Wankan Jego Addini Ne

Akwai wata magana da ke yawo a zaurukan Sabon Layi da majalisun bayan la'asar a Mubi, kuma wani dattijo mai ilimi da nake girmamawa ya fi kowa iya tsara ta. Ya ce duk abin da iyayenmu mata ke sa mai takaba da mai jego su yi addini ne ko reshensa, masu sukarsa kuwa yaran zamani ne da boko ya cire wa kunya. Allah Ya gafarta Malam, zan bi hujjojinka ɗaya bayan ɗaya.

Ka ce Alƙur'ani ne ya wajabta takaba. Haka ne. Aya ta 234 a Suratul Baƙara ta yanke mata wata huɗu da kwana goma, hadisin Ummu Aɗiyya kuma ya hana ta kwalli da turare da tufafin ado. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kai kanka kake biya wa ɗalibai, a kan wannan ta tsaya. To ina wuƙar ta fito? Leƙa ɗakin mai takaba ka gani: tana takure a kan tabarma a lungu, wuƙa a hannu ko ƙarƙashin matashi, kai ya cukurkuɗe don an hana tsifa, wanka sai Juma'a, madubi an kife shi, ko sallamar ƙanen mijinta ba ta amsawa. In ka tambayi dalilin wuƙar, sai a ce don kada mamacin ya dawo mata. Wannan ya taɓa aƙida, domin wanda aka binne yana barzahu, ba ya yawo a tsakar gida, ƙarfe kuma ba ya tsare kowa daga abin da Allah Ya ƙaddara. Zainab 'yar Abu Salama ta ba da labarin takabar Jahiliyya: mace ta shiga ɗan akurkin ɗaki da mafi munin tufafinta, ta shekara cikin dauɗa, sannan ta fito ta jefa kashin raƙumi. Musulunci ya zo ya sauke wannan kaya. Hana mace wanka da tsifa ya fi kusa da waccan takaba.

Ka ce ba ta taka ƙofar gida, ka kawo hadisin Furai'a 'yar Malik, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta ta zauna a gidan mijinta. Malaman Malikiyya sun fahimci cewa kwana a gidan ne wajibi, fita da rana don buƙata kuwa ya halatta, ƙaura ma ta halatta idan akwai tsoro. Mutanen Mubi sun fi kowa sanin amfanin wannan sauƙi. A ƙarshen Oktoban 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo gari, mata nawa ne suka bi daji zuwa Yola ko suka tsallaka Kamaru da iddarsu a wuya? Bam ɗin masallacin Unguwar Shuwa a Nuwamban 2017 da na ranar 1 ga Mayun 2018 sun bar gidaje da yawa babu mai cefane. Matar da ke suyar ƙosai a bakin hanya don marayu biyar su ci, in ka kulle ta wata huɗu, kai za ka kawo masara? Sannan har yau akwai masu tilasta wa mai ciki ta cika kwanakin bayan ta haihu, alhali Subai'atul Aslamiyya ta haihu kwanaki kaɗan bayan rasuwar mijinta, aka ba ta izinin aure.

Batun sadakar uku da bakwai da arba'in ba ya buƙatar dogon zance. Addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, babu musu. Amma da Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta, wasu aka umarta su dafa wa iyalinsa abinci. Mu kuwa mun juya lamarin: gidan makoki ne ke ɗora tukunya, wani lokaci da kuɗin da ba a raba gado ba, wato haƙƙin marayu. Kuma wannan suka ta girmi boko nesa ba kusa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda Modibbo Adama ya karɓo tuta a hannunsa, ya rubuta Ihya'us Sunna don tace sunna daga al'ada, a Nurul Albab kuma ya zargi malaman da ke barin matansu cikin jahilci.

Sai jego. Ka ce kwana arba'in na wanka shari'a ce. Malam, a mazhabarmu iyakar jinin biƙi kwana sittin ne, kuma ba shi da mafi ƙaranci: ranar da ya ɗauke, ko ta goma ce, sai ta yi wankan tsarki ta yi salla. Matan da ke ajiye salla har sai sun yi arba'in bashi suke ci. Tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, da kunun kanwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, al'ada ce zalla, don haka da ma'aunin amfani da cuta za a auna ta.

A nan kana da hujja guda, kuma zan ba ka ita. A 1978 likitoci Davidson da Parry sun wallafa bincikensu a kan matan Zariya masu ciwon zuciya bayan haihuwa, suka ɗora laifin a kan kanwa da zafi. Amma babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, bai samu wannan alaƙar ba. Ya fi nuna rama da rashin abin yi da rashin karatu da hawan jinin masu ciki. Akwai kuma rahama a cikin al'adar: mace ta koma gaban uwarta, a ɗauke mata girki da ɗebo ruwa, a ciyar da ita nama. A riƙe wannan da hannu biyu.

Sai dai binciken bai wanke ƙunar da ruwan ke yi wa fata ba, bai mayar da kanwa abincin mai hawan jini ba, tunda 'yar'uwar gishiri ce. Bai halatta matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne ba, alhali shi ne garkuwar farko ta jariri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkiri. Mai jego ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da bango, sai tsofaffi su ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Alamu ne na gazawar zuciya. Daga Sabon Layi zuwa asibiti tafiyar Keke Napep ce, kuma a ranar ya kamata a kai ta, ba sai an gama arba'in ba.