Waken Samaru da Haƙƙin Mai Awo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonar wake a ƙarshen damina, lokacin da fure ya buɗe har manomi ya soma ƙirga buhuna a zuci, sa'an nan ya komo bayan mako biyu ya tarar furen ya kakkaɓe, ɗan kwanson da ya tsira kuwa an huda shi an bar kashin tsutsa a bakin ramin, to ba ya bukatar dogon sharhi a kan dalilin da ya sa masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka shafe shekara wajen goma suna neman makarin tsutsar nan da ake kira maruka. Dabarar da aka yi ita ce, an ɗebo wata ƙwayar gado daga wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa aka dasa ta a jikin wake, ta yadda tsiron da kansa zai riƙa fitar da sinadarin da ke kashe tsutsar in ta ci. Hukuma ta amince da shi a watan Janairun 2019, kafin shekarar ta ƙare aka raɗa masa suna SAMPEA 20-T, aka kuma ce manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas yanzu sau biyu ya ishe shi. Tun daga ranar har yau muhawara ba ta lafa ba.

Hujjar da aka fi jawowa a majalisu da zaurukan karatu ita ce wannan aiki canza halittar Allah ne, wanda Suratun Nisa'i ta jingina shi ga umarnin Shaiɗan. Ina girmama tsoron Allah da ya haifi wannan magana, amma a ganina ƙiyasin bai zauna ba. Kakanninmu sun haɗa jaki da goɗiya suka sami alfadari, mai lambu yana yi wa mangwaro aure ba wanda ya taɓa kiransa ɗan bidi'a, kuma ƙissar barbarar dabino da ta zo a Sahihu Muslim ta nuna cewa sha'anin noma an bar shi ga gwaji da sanin ma'abotansa. Da labarin Dolly, tunkiyar nan da aka kwafa, ya girgiza duniya, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997, ta haramta kwafar ɗan Adam, amma ta halatta wannan fanni a kan tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu matuƙar yana jawo maslaha yana tunkuɗe mafsada. Mai ciwon sukarin da ke tsira wa kansa allurar insulin kullum safiya ma ya kamata ya san cewa kafin 1982 daga jikin shanu da aladu ake tatso ta, kuma wannan ilmin da ake ƙyama shi ne ya raba shi da waccan larura.

Ba na cewa kome ya halatta. Masanin nan na ƙasar Sin, He Jiankui, wanda a 2018 ya taɓa ƙwayoyin gadon wasu tagwaye mata tun kafin a sa su a mahaifa, canjin da zai bi zuriyarsu ba da shawararsu ba, ya ƙetare haddi, ɗaurin shekara uku da aka yi masa kuwa bai yi yawa ba. Haka shi ma mai fasahar nan Eduardo Kac, da ya shelanta labarin wata zomanya a shekarar 2000 wadda aka sa mata gadon wata halittar teku don ta riƙa ƙyallin kore a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, wai da sunan hikima. Wannan a wurina wasa ne da rai, kuma rai ba abin wasa ba ne ko da na zomo ne. Amma waken da zai rage wa ɗan manomi shaƙar guba, yana goye da tankin feshi ba takunkumi ba safar hannu, ba a ajinsu yake ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne amana. Masu ilmin boko sukan yi saurin kiran mai tababa jahili, alhali mutumin Kano da ya ɗaga gira in an kawo masa sabon abu daga waje yana da tarihin da ya koya masa haka. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin, rabinsu aka ba su sabon magani, rabi tsoho. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a taɓa gaya musu gwaji ake yi ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. A tsakanin nan ne aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka biya bashin ɓoye-ɓoyen da manya suka yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, ga halin da ake ciki a kasuwa. Doka ta ce a sa wa irin wannan abinci alama, amma dokar an rubuta ta ne da kantin zamani a zuci, wake kuwa a kasuwar Dawanau ake juye shi, a haɗa na wannan gona da na waccan, ɗan kiri ya saya ya zube a faifai yana awo da mudu da tiya. Tsohuwa mai ƙosai da ta aiki jikanta ya auno mata tiya biyu, da ɗan makarantar da zai tsaya gaban kaskonta da safe, babu ɗayansu da ya san wane wake ne, balle a ce ya zaɓa. Fiƙihun ciniki ya ɗora wa mai sayarwa bayyana duk siffar da mai saye zai damu da ita, ko da shi mai sayarwar yana ganin ba aibi ba ce, domin yarda ita ce rukunin ciniki, kuma babu yarda a kan abin da aka jahilta.

Masu tallar irin su ma sai su rage zuzutawa. Wannan wake yana kashe tsutsar gona ne kawai, ƙwaron rumbu ba ruwansa da shi, saboda haka ɗan kasuwar da ke zuba maganin ƙwari a buhu, ɗabi'ar da ta sa Tarayyar Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa a 2015, zai ci gaba da zubawa. Sa'an nan akwai mas'alar mallakar iri. An ce ƙwayar gadon waken kyauta kamfanin da ya mallake ta ya bayar, kuma manomi na iya ajiye irinsa ya shuka baɗi, amma masarar TELA, wadda ita ma aka dasa wa ƙwayar gado aka saki a 2024, irin aure ce, wadda mai son cikakkiyar yabanya sai ya koma ya sayi sabuwa kowace shekara. Manomin da ya gaji ɗaure damin iri a saman rumbu daga kakansa ya cancanci a faɗa masa wannan dalla-dalla tun kafin ya zubar da nasa na gida.

Ni dai zan ci wannan wake, ban kuma ga dalilin shari'a na haramta shi ba. Roƙona ga hukumar da ke sa ido a kan wannan fanni da masanan Samaru shi ne su rubuta sunan irin a jikin kowane buhu da Hausar boko da ajami, su ware masa layi a manyan kasuwannin hatsi, su kuma gayyaci limamai da sarakunan noma zuwa gonar gwaji su amsa tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya kafin damina mai zuwa ta sauka.