Dangwala yatsa ba yarda ba ce

A shekarar 1996, sa'ad da sanƙarau ya afka wa arewacin Najeriya, kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Zana na Kano da wani sabon magani mai suna Trovan. Aka ɗibi yara kimanin 200: rabi aka ba su Trovan, rabi kuma ceftriaxone, maganin da likitoci suka riga suka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka shanye.

Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi wannan ɓarna, kuma malaman asibiti sun yi wa iyaye bayani da baki. Iyayen sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, ba kuma wanda ya sanar da su cewa a cikin asibitin nan likitocin MSF na ba da sanannen magani kyauta. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin gwajin, bayan an gama aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba.

Ba don rashin ƙa'ida hakan ta faru ba. Tun 1947, a shari'ar likitocin Hitler a Nuremberg, aka kafa sharaɗin farko: ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa. Amma a Tuskegee ta Amurka, daga 1932 har 1972, an bar ɗaruruwan baƙar fata da ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda ciwon ke cin jiki. Kullum a kan matalauci, fursuna ko wanda bai yi lakwal ba abin ke faɗawa.

To, mene ne yarda ga uwar da ɗanta ke sanƙare a hannunta, aka miƙo mata takarda da Turanci ko Faransanci? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mu ma da muka yi karatu mai zurfi, sau nawa muka sa hannu a abin da ba mu karanta ba?

Ƴan kasuwarmu masu bin hanyar Maraɗi zuwa Kano sun ga abin da ya biyo baya. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, ana ta ambaton Trovan cikin hujjoji, cutar kuwa ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20.

Kada a ce muna ƙin bincike. A Madarumfa, daga 2014, aka gwada rigakafin zawon yara mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3.000, da amincewar iyayensu, yau kuma ƙasashe da dama na amfani da shi. Gwaji zai ci gaba da zuwa ƙasarmu, domin nan cututtukan suke.

Shi ya sa muke kira ga ma'aikatar kiwon lafiya: kowane bayani a yi shi da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Buzanci, gaban shaidar da ba mai binciken ke biyanta ba. A faɗa wa uwa ƙarara cewa in ta ƙi, ɗanta zai samu magani kamar kowa. A kuma riƙa karanta sunayen gwaje-gwajen da aka ba izini a gidajen rediyo, da garin da ake yin su, da wanda ke biyan kuɗin.