Gyara Kayanka Ko Sauke Mu Raba?

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta samu gindin zama a tsakanin masu duba rubutun marubutanmu, wadda muka daɗe muna kau da kai daga gare ta saboda kunya da zumunci, amma yanzu tura ta kai bango. Marubuci zai kwashe shekara guda ko biyu yana fama da littafinsa, ya hana idonsa barci, sannan ya tura wa wanda ake kira edita fayil ɗin domin ya duba masa. Bayan 'yan makonni sai a dawo masa da shi fes, babu ja babu alama, a ce masa wai an gyara. Me aka gyara? Oho. A wane shafi? Sai ka nema da kanka. Don me aka gyara? Ba a ma ga ya isa a gaya masa ba. Sai littafi ya fito kasuwa tukuna marubucin zai ci karo da jimlolin da bai taɓa rubutawa ba, ga kuma sunansa ɓaro-ɓaro a bango.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. To, wannan aiki da ake yi mana sauke mu raba ne, kuma rabon ma a bayan idon mai kaya ake yin sa.

A zamanin tafireta wannan ta'asa ba ta yiwuwa cikin sauƙi, domin mai dubawa da jan biro yake aiki, duk inda ya soke ana ganin abin da ya soke. Kwamfuta kuwa tana gogewa ba ta bar tabo. Masu ƙera manhajojin rubutu sun san da wannan haɗari, shi ya sa suka tanadi wurin yin tsokaci a gefen rubutu, wanda wasu ke kira kwament. Ba kuma sabon abu ba ne. Microsoft Word tana da shi tun kafin fitowarta ta 1997, a fitowar 2002 tsokacin ya koma bayyana a gefen shafi daura da layin da ake magana a kai, a ta 2013 kuma aka ƙara damar mayar da amsa a ƙarƙashin kowane tsokaci da yi masa alamar an gama da shi. Yin sa ba ya buƙatar digiri. Ka haskaka kalmar ko jimlar da ba ta yi maka ba, ka danna Ctrl da Alt da M a tare, akwati zai buɗe a gefe ɗauke da sunanka, ka rubuta abin da ke ranka. Haka yake a Google Docs, a LibreOffice kuwa C ake dannawa a maimakon M. In kuma dole sai ka taɓa rubutun kansa, kamar gyaran harafi ko aya, sai ka fara kunna bin sawun gyara da Ctrl da Shift da E a Word, ta yadda duk abin da ka cire ko ka ƙara zai fito da launi, mai littafi ya karɓa ko ya ƙi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin darajar gefen shafi. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami ya ga yadda ake barin matani a tsakiya ba a taɓa shi, a kewaye shi da sharhi da hashiya. Shehu Dardiri, wanda ya rasu a 1786, ya yi wa Muhtasar na Halilu sharhi, Dasuƙi kuma, wanda ya rasu a 1815, ya yi wa sharhin hashiya, kowa da gurbinsa, mai karatu yana rarrabe maganar wannan da ta wancan. Ba wanda ya kankare kalmar magabacinsa ya dasa tasa ya yi shiru. Ashe jikokin masu wannan ladabi ne yau suke kutsawa cikin matanin mutane da ƙafar hagu?

Kada wani ya ce ai gyara gyara ne. Ɗauki marubuciyar da ta sa tsohuwa Basakkwata a labarinta, tana cewa "mi" da "shina" da "ɗiyata", sai mai dubawa ya ɗauka kuskure ne ya bi ya mayar da su "me" da "yana" da "'yata". Ya kashe tsohuwar ke nan, ya bar gawa mai magana da bakin Kano. Ko kuma marubucin Damagaram da ya rubuta ƴ bisa ƙa'idar rubutun Nijar, a bi a mayar masa da ita 'y ba tare da an tambayi inda za a sayar da littafin ba. Da a gefe aka rubuta, "Da gangan ne wannan karin harshe?", da amsa ɗaya ta kashe maganar.

Masu wannan ɗabi'a sukan kafa hujja da cewa manyan marubutan duniya ma editoci sun yi musu aski. Gaskiya ne. Ezra Pound ya zaftare kaso mai yawa na doguwar waƙar T. S. Eliot da ta fito a 1922, amma a kan takarda ya yi, da alƙalaminsa a gefe, Eliot ya gani ya zaɓi abin da zai ɗauka, kuma a 1971 an buga hoton takardun kowa ya gani. Shi kuwa Raymond Carver na Amurka, editansa Gordon Lish ya yanke fiye da rabin littafin gajerun labaransa da ya fito a 1981, duk da wasiƙar magiya da Carver ya aika masa. Sai a 2009, shekara 21 bayan rasuwarsa, aka buga labaran yadda ya rubuta su. Ta yaya aka iya? Don takardun sun tsira da sawun biron Lish a kansu. Marubucinmu da aka danne wa fayil, in bai ajiye na asali ba, ba shi da shaidar da zai nuna ko a gaban Ƙungiya.

Sai kuma kukan rashin lokaci da ƙarancin ladan aiki. Mun yarda ladan bai taka kara ya karya ba, kuma wannan magana ce da ya kamata a zauna a kanta. Amma ƙarancin kuɗin aski bai ba wanzami izinin yanke kunne ba. Masu cewa marubutanmu a waya suke rubutu ba za su ga tsokacin ba, su ma ba su da ta cewa, domin Word da Google Docs na waya duk suna nuna shi, suna kuma ba da damar amsawa.

Ba kuma kowane tsokaci ne tsokaci ba. Wanda ya jera alamun tambaya uku a gefe, ko ya rubuta "bai yi ba" ya wuce, bai taimaki kowa ba. A faɗi abin da ya ɓaci da dalilinsa: a babi na biyu an ce Larai marainiya ce, ga mahaifinta yana ɗaura mata aure a nan. Magana ɗaya a akwati ɗaya, a manne da jimlar da ta shafa, ba a tara ƙorafi goma a kan taken babi ba.

Su ma wasu marubutan ba za mu bar su su sha ba. Akwai wanda da ya buɗe fayil ya ga gefe ya cika sai zuciya ta ɗebe shi, ya danna goge duka a lokaci guda, aikin mako biyu na bawan Allah ya bi ruwa. Akwai kishiyarsa, mai karɓar duk gyare-gyare da dannawa ɗaya ba tare da ya karanta ko guda ba, wanda shi da kansa ya miƙa wuyansa ga wuƙa. Kowane tsokaci a amsa shi, ko da "na yarda" ko "na ƙi, ga dalili", sannan a yi masa alamar an warware, wadda ke kau da shi daga ido ba tare da ta shafe shi ba. Akwai kuma mai kai fayil maɗaba'a da tsokacin a jikinsa, yana zaton ɓoye shi daga allo ya fitar da shi, alhali yana nan kwance da sunan wanda ya rubuta. A ajiye kwafi guda mai ɗauke da dukkan muhawarar, a share tsokacin daga kwafin da za a kai wa mai ɗab'i.

Muna kira ga shugabannin rassa da su sa wannan a ƙa'idar duk wani aikin dubawa da za a yi da sunan Ƙungiya, har da rubuce-rubucen da ake aiko wa wannan mujalla: fayil ɗin da ya dawo babu sawun gyara a mayar wa wanda ya duba shi. Kafin a kai ga haka, duk wanda aka dawo masa da littafi fes aka ce an gyara, ya ɗauko kwafinsa na asali, ya shiga sashen bita na Word ya zaɓi kwatanta takardu biyu. Manhajar za ta fito masa da duk kalmar da aka taɓa, sai ya ɗauki jerin ya je ya tambayi mai dubawar ɗaya bayan ɗaya.