Zauren 'Yan Mata: Gudun Burgewa

Ran Asabar muka taso daga Katsina za mu kai amarya Daura. Saurayin ƙanwata ke jan mu, yana ta sharara gudu wai don ya burge ta. Kwatsam sai ga shanu a titi! Ya taka birki, goshina ya daki kujerar gaba. Allah dai Ya kiyaye.

Kun san abin da ya wurga ni? Dokar Newton ta farko ce, wadda ya wallafa a 1687: abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi. Birki ya riƙe mota, ni ko ban ɗaura bel ba.

Ga lissafi, masu shirin jarrabawa. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne. Mai gudun 80 a awa zai isa cikin awa guda, mai 120 cikin minti 40. Amma tazarar da birkinsa ke bukata ta haura ninki biyu. Ashe kan minti 20 ya so ya salwantar da mu!

'Yar uwa, in yana son ki, ce masa ya sassauta. Sai fitowa ta gaba.