Mai Awo Ma Sai an Auna Shi

Ba a sakin manhajar kwamfuta sai an gwada ta, kuma galibi wata ƙaramar manhaja ce ke yin gwajin da kanta. To, amma ita ma ɗan Adam ne ya rubuta ta.

Haɗarinta wuri biyu ne. Na farko mararraba, wato "in kaza ya faru bi nan, in ba haka ba bi can". Gwaji mai mararraba yakan bi hanya guda ya ce lafiya lau, alhali ba a taka ɗayar ba. Na biyu maimaici: in jerin da zai bi ya zo babu kome, gwajin ya wuce bai duba kome ba, in ba shi da iyaka, ya yi ta zagaye ba tsayawa.

Ranar 31 ga Disamba, 2008, na'urorin kiɗa na Zune na kamfanin Microsoft suka sandare, domin maimaicin lissafin kwanan wata ya kasa fita a rana ta 366. Da an gwada wannan ranar tun farko, da asiri ya tonu.

Saboda haka wajibi ne ma'aikata masu karɓar manhaja, da ɗalibai masu koyon rubuta ta, su nace: kowane hali da nasa gwajin miƙaƙƙe, kowane maimaici da iyakarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.