Ku Daina Ɗora Wa Had Disk Laifin Kebul!

Jama'a, yau kam sai na faɗa ko da wasu za su ji haushi. Akwai masu gyaran kwamfuta da in RAID 1 ɗinka ya fara jan ƙafa, nan take za su ce maka disk ya mutu, sayo sabo. Ko murfin ba su buɗe ba!

Ni gyaran waya nake yi, amma kwamfutar shagona ce ke riƙe da fayilolin filashin da hotunan kwastomomi da nake kwashewa kafin in taɓa wayarsu. Shi ya sa na haɗa disk biyu a RAID 1: duk abin da aka rubuta a ɗaya, sai an rubuta a ɗayan. To ka sani, rubutun bai kammala ba sai duka biyun sun gama. In ɗaya na ɗingishi, lafiyayyen ma jira zai yi.

Kwanaki kwafi ya koma tafiyar hawainiya, disk ɗaya ya riƙa ficewa. Wani ya leƙa ya ce in canja shi. Na ƙi. Na buɗe CrystalDiskInfo, sai ga lambar layin C7 tana ta hawa. Wannan layin bayanan da suka lalace a hanya yake ƙirgawa, tsakanin disk da modabod, aka sake turo su. In abin ya yi yawa, kwamfuta kan sauke gudun daga 6Gb zuwa 3 ko 1.5. Ashe murfi ne ya danne kebul ɗin SATA ya lanƙwashe shi a baki. Na sa wani, lambar ta tsaya cak. Da na biye masa, da na yi asarar kuɗi, matsalar tana nan, amanar mutane kuma tana rataye a disk ɗaya.

Kuma kada a yaudare ka da wai "kebul ɗin SATA 3" mai tsada. Yawancin disk masu juyawa ba sa kai 300MB a sakan, SATA 2 ma ya ɗauke su. Nemi lafiyayyen kebul mai makulli, kada ya wuce mita 1, kada ka murɗe shi, ka tabbata ya zauna daram.

Malam mai gyara, don Allah duba kebul kafin ka tura talaka kasuwa. Wanda bai yarda ba, ya zo mu yi.