Idan zaƙami ya yi gwafa, fure na tafe

A wannan makon saƙon wata uwargida daga Nasarawo a garin Gombe ne ya sa na ajiye abin da na yi niyyar kawo muku. Ta ce bara ta sayi wani dashe a wajen masu sayar da furanni, aka ce mata idan ya girma zai riƙa yin manyan furanni masu kama da bakin algaita, suna reto ƙasa, da dare kuma ƙamshi ya cika gida. Yanzu ya kusa kai ƙirjinta amma ganye kawai yake yi. Tambayarta ita ce, yaya za ta gane ya kusa yin fure?

Hajiya, zan ba ki amsa, amma ki daure ki karanta har ƙarshe, domin a hoton da kika turo na hango takalman yara a gefen tukunyar.

Sunan wannan tsiro Brugmansia, Turawa kuma suna yi masa laƙabi da kakakin mala'ika. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne. Idan yana ƙarami, kara ɗaya yake miƙewa sak, kuma duk takin da za ki zuba masa ba zai yi fure a wannan matakin ba. Ranar da kika ga kan karan ya rabu biyu ya yi gwafa, irin wadda ake tokare rumfa da ita, to ya balaga. Daga wannan gwafa zuwa sama ne kaɗai fure ke fita. Ki leƙa tsakiyarta, za ki ga wani ɗan kore siriri kamar jaririyar kuɓewa, wannan shi ne kan furen. Akwai wata alamar a ganye. Ganyen da ke ƙasan gwafa, gefensa biyu daidai suke haɗuwa a gindi, amma na sama za ki ga gefe ɗaya ya ɗan zarce ɗayan, kamar an yanka shi a karkace. Daga fitowar kan zuwa buɗewarsa akan ɗauki makonni, yana tsawo yana sunkuyawa. Abin da ke ba masu shi haushi a garuruwa irin Gombe shi ne zafi. Tsiron wuri mai sanyi ne, ya fi jin daɗin irin yanayin Jos ko Mambila, don haka a watan Maris da Afrilu yakan zubar da kawunan tun ba su buɗe ba. Wanda kuma ya sare gwafar da sunan gyara, ya mayar da kansa baya.

To, ga abin da mai sayarwar bai faɗa miki ba. Wannan tsiro ɗan uwan zaƙami ne na jini, wanda wasu ke kira haukata-yaro ko babba-jiji. Masana sun daɗe suna lissafa su a gida ɗaya da sunan Datura kafin a raba su a shekarar 1973. Bambancinsu a ido shi ne Brugmansia itace ne mai daɗewa, furensa na kallon ƙasa, shi kuwa zaƙami gajere ne, furensa fari ko mai ruwan shuni yana kallon sama, yana buɗewa da yamma, sannan ya ƙulla ɗa mai ƙaya kamar girman lemun tsami. Amma dafin cikinsu iri ɗaya ne: atropine da hyoscine da hyoscyamine, kuma suna cikin ganye da fure da saiwa, sun fi taruwa a 'ya'yan.

Shi zaƙami ba sai an saya ba. Mai karatu, idan kana Nasarawo ko wata unguwa a Gombe, ka zaga bayan gidanka a wannan damina, ka duba bola da kangon da ba a ƙarasa ba da bakin kwari inda ake zubar da shara. Wurin da taki ya taru shi yake so. Shi ma ƙa'idarsa ɗaya da ɗan uwansa: kara ya yi gwafa, kan fure ya fito a tsakiya, kowane reshe ya sake yin gwafa da wani furen. Sai dai shi ba ya jiran shekara, cikin wata biyu da tsirowa ya fara. Idan ka murza ganyensa za ka ji wani wari mara daɗi. Lokacin tuge shi ke nan, da ka ga gwafar farko, kafin ya ƙulla. Ɗa guda yana ɗauke da ƙwayoyi sama da ɗari, kuma suna iya kwanciya a ƙasa shekaru suna jiran ruwa. Wanda ya bari har ya bushe ya fashe, ya shuka wa kansa aikin shekaru masu zuwa.

Ka sa safar hannu ko leda kafin ka taɓa, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama. Ruwansa idan ya shiga ido yakan buɗe baƙin idon ya yi kwanaki mutum na gani dishi-dishi. Kada a ƙona shi a tsakar gida, hayaƙin ma yana bugarwa, kada kuma a jefa shi inda zai gauraya da harawar dabbobi. 'Ya'yan da suka riga suka ƙulla a tsinke su a jefa a masai.

Me ya sa nake wannan dogon bayani a shafin lafiya? Saboda yara suna wasan girki da abin da suka tsinta, kuma ƙwayoyin zaƙami sun yi kama da na barkono ko gauta, dama danginsu ɗaya. Akwai kuma samarin da ke zuba shi a shayi ko zoɓo a wajen biki don a bugu, wani lokaci ba da sanin masu sha ba. Wasu dattawa kuma suna busa ganyensa don asma. Ni dai ba na goyon bayan wannan ko kaɗan, domin ƙarfin dafin ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, har daga ganye zuwa ganye, babu mai iya auna shi da ido. Ko a ƙasar Yuganda a shekarar 2019, ƙwayoyinsa ne suka gauraya da garin abincin agaji a yankin Karamoja, mutane kusan 300 suka kwanta, biyar suka rasu.

Alamomin sukan fara cikin rabin awa zuwa awa guda. Baki da maƙogwaro su bushe, fata ta yi zafi amma babu gumi, baƙin ido ya buɗe sosai har yaro ya riƙa gudun haske, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Sai sambatu, yaro yana magana da wanda babu, yana tsintar abin da ba kowa ke gani ba a jikin riga ko a iska, bai gane mahaifiyarsa ba. A nan ne gidaje da yawa ke cewa iska ce ta taɓa shi, a ɓata awanni ana turare. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a yi ta a cikin Keke Napep. Rashin gumin nan shi ne babban haɗari a garin zafi, domin jiki ba ya iya sanyaya kansa, daga nan sai jijjiga ko suma.

Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Wanda hankalinsa ya gushe yana iya shaƙewa abin ya wuce huhu. A rage masa kaya, a riƙa shafa masa tsumma mai ruwa, wani babba ya riƙe shi a hankali ba tare da ɗauri ba, a nufi sashen gaggawa na Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A tafi da ganyen ko ɗan tsiron a leda, a kuma faɗi lokacin da ake zaton ya ci. Wannan zai taimaki likita ƙwarai, saboda zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau su ma suna zuwa da zafin jiki da ruɗewa, kuma maganinsu daban. Yawancin waɗanda aka kai da wuri suna dawowa hayyacinsu cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sau da yawa ba sa tuna komai, idon ne kan ɗan jima bai koma daidai ba.

Hajiya, mu dawo kan tukunyarki. Idan da ƙananan yara a gidan, shawarata ki rabu da shi tun bai yi gwafar ba, domin furen da ya faɗo ƙasa shi yaro zai fara ɗauka ya kai baki. Idan ƙamshin dare kike so, ki nemi yasmin ki dasa a gurbinsa. Idan kuma kin ce lallai sai kin ga furen, to ya koma wurin da ake kullewa, ki riƙa tsince duk abin da ya zubo kowace safiya, kuma ki gaya wa duk mutanen gidan, har mai taya ki aiki, ko mene ne shi.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.